Kalmar da Siraji Ya Sa a Bakin 'Yan Sama

Siraji ɗan fawa ne gaba da baya. Kakansa ya taso daga Damagaram ya zauna a Njamena tun garin bai kai ya kawo ba, ubansa ya gaji teburin nama, shi kuma ya ƙare da tukubar tsire a bakin titi a unguwar Pari-Kongo. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, har ya iya karanta Faransanci daidai gwargwado, sannan uban ya ce karatun ya isa haka, nama ba ya jiran kowa. A gida Hausa suke yi, da an taka bakin ƙofa kuma sai Larabcin Chadi, harshen da kowa ke ji a garin.

A farkon shekarun casa'in aka fara buɗe gidajen bidiyo a unguwa, rumfar kwano da benci da janareta mai yawan tari. Samari na rububin fim ɗin dambe da na rawa, shi kuwa Siraji ba abin da ke tsayar da shi sai jiragen da ke yawo tsakanin taurari. In janareta ya mutu kafin fim ya ƙare, wanda kusan kullum ne, sai ya tara abokansa a waje ya ƙarasa musu labarin da kansa, kuma sau da yawa nasa ya fi na Turawan daɗi. Ubansa ya sha cewa bakin yaron nan ya fi wuƙarsa kaifi, ba kuwa yabo yake nufi ba.

Wani ɗalibi da ya dawo daga karatu a Kamaru ne ya koya musu wasan. Kowa zai riƙe mutum guda a cikin labari, ya yi magana da bakinsa, ya yanke shawara a madadinsa. Mutum ɗaya kuma zai riƙe duniyar gaba ɗaya, ya faɗi abin da ya biyo baya, in an yi gardama a jefa ɗan ludo ya raba. Ɗalibin ya yi gaba abinsa, wasan ya zauna a hannun Siraji, har aka laƙaba masa "metir", wato mai jan ragamar wasa. Duk Lahadi tsakanin azahar da la'asar, kafin ya hura wutar yamma, sukan shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin dogon yaron da ke bayan tukubarsa. Duniyar da ya ƙirƙira sunanta Gamzaki, ba kogi ba rijiya. 'Yan Sama na zaune cikin wani ƙaton jirgi da ke rataye a sararin sama, su ke da injin yin ruwa. 'Yan Ƙasa kuma na haƙar ƙarfen da ake gyara jirgin da shi.

Mutum biyu ne ginshiƙan tabarmar. Akwai Halliru, Bafillace dillalin shanu daga Tukura, mai dariya kamar ana buga tulu, shi ke riƙe da shugaban 'yan Sama. Sai Mushe Jimadum, malamin lakwal (Mushe ake ce wa malamai, daga Faransanci), Kirista ɗan ƙabilar Sara ta kudancin ƙasar, wanda ke tsallako gada daga Waliya a kan keke bayan an tashi daga coci, shi ke riƙe da shugaban 'yan Ƙasa. Jimadum ba ya son hayaniya, amma in ya buɗe baki a wasa kowa sai ya yi tsit. Siraji yana ƙaunarsa ƙwarai, yana kuma alfahari da tabarmar nan, don a garin da ake tambayar asalinka kafin a tambayi lafiyarka, shi ya tara ɗan arewa da ɗan kudu suna shan shayi a kofi ɗaya.

Shekaru suka yi suna yaƙar dodanni da 'yan fashin sararin sama kafaɗa da kafaɗa. Wajen shekarar dubu biyu da huɗu sai 'yan wasa suka ce sun gaji da dodo, suna son rikicin siyasa irin na mutane. Siraji ya ji daɗi har kunne. Ya kwana biyu yana tsarawa a kansa yana soka nama a tsinke: 'yan Sama za su rage ruwa, 'yan Ƙasa su daina haƙar ƙarfe, a kira majalisa, a yi ta ja-in-ja. Ƙarshen kuma shi ne abin da ya fi burge shi. Ya yanke cewa ɓangarorin biyu za su zama abokan wasa.

Shi dai bai san sulhun da ya fi wannan ba. Fulani da mahauta abokan wasa ne tun kaka da kakanni, kowa ya zagi kowa ba mai fushi. Halliru bai taɓa isowa tukuba ba sai ya ɗaga murya, "Ina bawan nan nawa mai cinye mana shanu?" Siraji kuma ya amsa, "Ga ubangidanka nan, kai bawa, mai saniya dubu yana kwana da yunwa!" Sai a tafa a yi dariya. Don haka Halliru kaɗai ya nemi shawara, da Hausa, suna zaune a kan benci.

"Ran Lahadi in an buɗe majalisa, ka kira su bayinka," in ji Siraji. "Mushe zai rama, daga nan wasa ya ƙullu."

"Kai dai bar ni da shi," in ji Halliru, yana ƙyalƙyala dariya. "Wannan ai aikina ne."

Ba wanda ya tsaya ya lura cewa da Larabci ake wasan, ko kuma cewa, ba da shiri ba, kusan duk 'yan arewa suna ɓangaren Sama, 'yan kudu suna Ƙasa.

Lahadi ta zo, tabarma ta cika. Siraji ya bayyana zauren majalisa, ya ce ga 'yan Ƙasa sun hau jirgi da ƙishirwa a maƙogwaro. Halliru ya miƙe, ya gyara rawani, ya nuna Jimadum da yatsa yana murmushi, ya ce, "Wa ya ba abid izinin zama a gabanmu?" Abid, wato bayi.

Siraji ya buɗe baki zai yi dariya, sai ya ga shi kaɗai ne da Halliru. Wani tela cikin 'yan Sama, wanda ke zuba shayi, ya tsaya da buta a hannu. Jimadum ya ajiye kofinsa a hankali, ya karkaɗe wandonsa, ya ɗauki keke. Sauran 'yan kudu suka bi bayansa ɗaya bayan ɗaya.

Da farko haushi Siraji ya ji. Wasa ne fa! Mutum mai ilimi kamar Mushe ya kasa gane wasa? Amma Lahadi ta zagayo Jimadum bai zo ba, wata ta sake zagayowa, tabarma rabi fayau. Waɗanda suka zo ma ba wanda ya nemi a jefa ɗan ludo. Haushin ya koma tsoro. Ya gane cewa in Jimadum bai dawo ba, Gamzaki ta mutu, abotar shekaru kuma ta bi ta. Ya ƙunsa kilishi mai kyau, ya tare kalando, babur ɗin haya, ya tsallaka kogin Shari zuwa Waliya.

Ya tarar da Jimadum yana ban ruwa a ɗan lambunsa na bayan gida. Suka gaisa da Larabci, gaisuwa mai tsawo wadda ba ɗumi a cikinta. Siraji ya tsuguna a bakin kunyar shuka ya zayyana masa komai: Fulani da mahauta, yadda Halliru ke kiransa bawa kullum, yadda ya so 'yan Sama da 'yan Ƙasa su zama haka.

Jimadum ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Na yarda ba cin mutunci ka nufa ba, Siraji. Amma in Halliru ya ce maka bawa, kai ma kana ce masa. A wurinmu baki ɗaya ne ya yi ta faɗin kalmar nan, ɗayan kuma ya yi ta ji. Kakata ta ba ni labarin ƙauyukan da mahaya masu farautar bayi suka kwashe. Ni kaina ina yaro a yaƙin basasa na shekarar saba'in da tara muka bar garin nan da ƙafa, kuma na ji ana jifanmu da ita a hanya."

Siraji ya sunkuyar da kai. Kunya ta kama shi sosai, don a garin nan aka haife shi, ya san kalmar, ya san yaƙin, amma bai taɓa haɗa su da abin da yake faɗa wa Halliru da dariya ba. Ya ce, "Ka yafe mini, ɗan'uwa. Na ɗauki wasan gidanmu na kai inda ba a san shi ba."

Jimadum ya ajiye bokiti ya zauna kusa da shi. "Bari in tambaye ka. Wannan wasan naku, haka kawai kakanninku suka tashi da safe suka fara shi?"

"A'a," in ji Siraji bayan ɗan tunani. "Tsofaffi sun ce galibi sai an yi rigima tukuna, an gaji, an zauna an shirya. Wasan daga baya yake zuwa."

"To ka gani, metir. Ka tsallake rigimar, ka tsallake zaman, ka kai mu wurin dariya. Labarinka ne bai nuna ba ka sauke."

Nan a bakin lambu suka sake tsara rikicin, suna yagar kilishi. Jimadum ya ce kada a yi 'yan Sama duk mugaye, a sa wasu cikinsu su ji tsoron injin ruwan ya tsufa, shi ya sa suke rowa. Siraji ya ce to a cikin 'yan Ƙasa ma a sa mai cin amana, wanda ke sayar da ƙarfe a ɓoye. Suka yarda a gauraya 'yan wasa, tela ya sauko Ƙasa, wasu 'yan kudu su hau Sama. Suka yarda kuma cewa abin da Halliru ya faɗa ba za a share shi kamar ba a yi ba. An faɗe shi a majalisar Gamzaki, a can za a amsa shi. Maganar sulhu kuwa, Jimadum ya ce kada metir ya yanke ranarta, a bar 'yan wasa su kai kansu.

Siraji ya koma ya sami Halliru ya faɗa masa yadda suka yi. Bafillacen ya ce, "Wallahi ban sani ba. Me zan ce masa?" Siraji ya ce wannan kam ba zai sa masa magana a baki ba, sau ɗaya ya gwada ya ga abin da ya biyo baya.

Ran Lahadi Siraji ya shimfiɗa tabarma tun kafin azahar, yana yi yana leƙen titi. Can sai ga keke, ga sauran 'yan kudu a baya. Aka zauna, aka zuba shayi, ya buɗe majalisa. Shugaban 'yan Ƙasa ya miƙe ya yi magana mai tsawo a kan ƙishirwa, da ramukan ƙarfe, da yaran da suka girma suna jin ana kiran iyayensu da sunan da ba nasu ba. Kowa a wurin ya san ba Gamzaki kaɗai ake nufi ba, kuma ba wanda ya katse shi. Da ya gama, Halliru ya tashi, ba murmushi ko kaɗan, ya ce shugaban 'yan Sama ya yi kuskure a gaban jama'a, a gaban jama'a kuma yake neman gafara.

Duk ido ya koma kan Jimadum. Ya kurɓi shayi, ya ajiye kofi.

"'Yan Ƙasa sun ji," in ji shi. "Amma ba a wanke irin wannan a zama ɗaya. Ku buɗe mana ruwa tukuna. Ran Lahadi mu dawo mu ji sauran."

Halliru ya juyo ya dubi Siraji a ruɗe, ya ce da Hausa ƙasa-ƙasa, "Ya ƙi fa."

"Ya ƙi," in ji Siraji, farin ciki ya cika shi har yana jin hawaye. "Amma ba ka ji ya ce zai dawo ba?"