Ƙulli Bakwai a Jikin Gamba

Shekarun baya, lokacin da mahayan Maraɗi suka matsa wa Ruma da hari, na so wata Bafulatana har na daina jin ɗanɗanon tuwo. Gashinta kawai nake gani ko a tsakiyar karatu.

Malamina a Zakka masanin hisabi ne. Wata rana ya ja zane a ƙasa da yatsa, bai ɗaga ba, ya ce, "Duk zanen da bai yanke ba, in ka san inda ya bi a tsakiya, da tsakiyar rabinsa, da tsakiyar wannan, a yi ta tafiya haka, to ka san shi duka. Shi ya sa irin waɗannan zane, duk yawansu, ba su fi ɗigon da ke jikin igiya guda yawa ba."

Ni dai igiya guda na ji. Na ce ashe hanyoyin duniya kaɗan ne.

Da mahaifin Bafulatanar ya yanke shawarar tashi da shanunsa, shi kansa bai san inda zai yada zango ba. Ya ce mini, "Yaro, in ka iske mu kafin a yanke gero, na ba ka ita." Ita kuma ta ce za ta riƙa ƙulla gamba a bakin hanya, kamar yadda mutanensu ke bar wa na baya alama.

"Ƙulli kaɗan ya ishe ni," na ce, ina taƙama. "Ni fa ɗalibin hisabi ne."

"To, ɗalibi," ta ce tana dariya, "kar dai ka ɓata."

Na tsaya na gama wa mahaifiyata noma, sannan na bi su. Na sami ƙulli bakwai har bayan garin Tsaskiya. Daga nan sai guntun ciyawa da kashin shanu. Ashe a gaban garke take tafiya, shanun da ke bayanta suna cinye abin da ta ƙulla.

Kwana goma sha biyu ina yawo a daji. Na dawo na tarar ana ɗaure dammunan gero.

Na je wa malam da kuka. "Allah gafarta malam, ba kai ka ce alama tana nuna hanya ba?"

"Ƙulli nawa ka samu?"

"Bakwai."

Malam ya ce, "Cewa na yi a yi ta tafiya, ɗana, ba iyaka. Tsakanin ƙulli biyu kaɗai akwai hanyoyi yawan ɗigon igiyar nan, su kuwa ba su ƙirguwa."

Ban sake jin labarinta ba. Ban san ko ta jira ba, ko ta ɗauka ban biyo ba ne, kuma wannan ya fi ci mini rai. Yanzu furfura ta rufe ni, na fahimci karatun sarai, ba abin da ya amfana mini. Har yau in na ga gamba ta lanƙwashe a bakin hanya sai na tsaya na duba. Iska ce.