Ranar da Na Ce Inna Mai Aikinmu Ce

Assalamu alaikum. Tun da jikokina suka sa tsohon hotona a shafin nan kuke tambaya: me ya sa na ɓace daga talabijin shekara uku, a daidai lokacin da tauraruwata ke haskawa? Shekara wajen sittin ina cewa karatu na tafi.

Ƙarya ce. Kuturta na yi.

'Yar wani ƙauye ce ni kusa da Ƙarfi. Bayan samun 'yancin kai, da aka buɗe gidan talabijin a Kaduna, na shiga wasan kwaikwayo. Kai tsaye ake nuna mu, in ka yi kure duk mai akwati ya gani. A wasan, ni ce yarinyar da ke yi wa ƙauyawa wa'azin zuwa asibiti da wuri, kuma bakina bai san gajiya ba.

Mahaifiyata, Inna, cutar ta cinye mata yatsu tun ina goye. Ban taɓa faɗa wa kowa a wurin aiki ba.

Wata rana ta biyo motar auduga daga Funtua, ta kawo min daddawa da man shanu har ƙofar ma'aikata. Abokan wasana na tsaye. Ɗaya ta dubi hannuwanta ta ce wace ce wannan. Na ce mai aikin gidanmu ce ta ƙauye.

A kunnen Inna na faɗa. Ta ajiye ƙwaryar, ta gaishe su da ladabi, ta juya.

Ba a yi shekara ba wani tabo ya fito min a kumatu, ya fi sauran fatar haske. Na san ko mene ne, ai a gabansa na girma. Sai na ƙara hoda. Mai wa'azin asibiti ta yi wata takwas tana shafa hoda.

Asirina ya tonu ne a tsakiyar wasa. Na sauke tukunya daga wuta da hannu, ina ta zuba zance, ban ji komai ba. Mai shirya wasan ne ya ga tafina ya saluɓe. A ranar na haɗa kayana, ban yi sallama da kowa ba.

Ina za ni? Sai ɗakin mai aikin gidanmu.

Ba ta tambaye ni komai ba. Ta juya fuskata wajen haske, ta duba, ta ce jibi masu magani za su zo, mu yi sammako.

A gindin tsamiya ake ba da maganin, duk mako. Na lulluɓe fuskata ruf don kada a gane ni. Inna ta yi dariya ta ce, "Wa kike ɓoye wa? Nan kaf babu wanda ya taɓa ganin akwatin nan naki."

Malamin asibitin ya sa na ɗan ɗaga lulluɓin na rufe ido, ya ce in nuna duk inda na ji taɓi. Da irin audugar da na tashi ina tsinka ya shafa min kumatu. Na yi ta jira ya fara, ashe har ya gama. Ya ɗan tsaga fatar kunnena aka kai gwaji Malumfashi. Tsorona ɗaya ne: in wayi gari da hannuwa irin na Inna.

Yana cika min kati ya ɗago ya ce kamar ya san ni a Kaduna, can ya yi kwas. Sannan ya nuna Inna da alƙalami ya ce wace ce ita a wurina, don dole a rubuta.

Inna ta riga ni. Ta ce, "Rakiya na yi mata, Malam."

Wallahi ƙunar tukunya ban ji ta ba, amma wannan na ji ta har cikin ƙashi. Na yaye lulluɓin gaba ɗaya na ce uwata ce, ita ta haife ni.

Maganin kyauta ne, 'yan ƙwayoyi farare. Abin da muka kashe bai wuce na sabulu da man kaɗe ba. Amma akwai watannin da jikina ya yi ruɗu-ruɗu, zazzaɓi ya kwantar da ni, jijiyar hannu na zugi. Malamin ya ce kada in kuskura in daina.

Kullum da la'asar Inna kan jiƙa min hannu da ƙafa a ruwa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana neman ƙaya ko ƙuna, ta shafa mai da dungun hannunta. Ta hana ni kusantar murhu. Ta ce ita nata sun tafi ne don ba ta samu mai duba mata ba.

Shekara uku aka sallame ni. Yatsuna goma cif, ƙaramin na hagu ne kawai ya ɗan lanƙwashe. Na koma aiki, na yi shekaru ina fitowa a matsayin uwa, kuna ta yabo.

Na gode wa Allah, na gode wa malamin nan da ban riƙe sunansa ba. Ku kuma, duk tabon da ba ya jin taɓi, a kai asibiti, kada a shafa masa hoda. Yanzu maganin na watanni ne. Ba gado ba ce, ba tsinuwa ba ce, kuma wanda ke shan magani ba abin gudu ba ne.

Ranar da zan koma Kaduna na durƙusa na roƙi Inna gafarar abin da na faɗa a ƙofar ma'aikata. Ta ci gaba da ɗaure min daddawa a tsumma, da haƙori take jan ƙullin.

Ta ce, "Ai ba ƙarya kika yi ba, Hadiza. Tun da na haife ki aikinki nake yi."

Ku sa min ita a addu'a. Sunanta Rabi, kuma uwata ce.