Jusoh ba ya cikin takarda

Kak Limah, wato Yaya Limah, ta tsufa tana sayar da shinkafa da miyar kifi a ƙofar filin jirgin Kerteh. Mijinta Jusoh kuku ne a rijiyar mai ta tsakiyar teku, sati biyu can, sati biyu gida. Ni kuwa Derahman, direban motar ma'aikata ne.

A zamaninmu musayar layi ba wani abu ba ne. In matarka ta kusa haihuwa, sai ka miƙa wa abokinka katinka, a kira sunanka ya amsa, ya shige jirgi mai saukar ungulu. Manya sun sani sarai, amma tunda aiki bai tsaya ba sai su kau da kai. Haka Jusoh ya amsa sunan abokinsa Embong wata Talata da damina. Jirgin ya faɗa teku. An tsamo gawa shida, babu tasa.

Mutanen kamfani suka je gidan Embong ta'aziyya, shi da kansa ya buɗe musu ƙofa. Kafin sati ya zagayo sun ce kuskuren magatakarda ne, kujerar Embong babu kowa a kanta.

Limah ta je ofis. A gabana wani mai farar riga ya tura mata takardar sunaye.

"Kak, duba da idonki, ba ya ciki. Ranar ma hutu yake. Ko dai yana da wata mace a Thailand ne?"

Har da ɗan murmushinsa, mara kunya.

Aka ja wa Embong kunne, in ya buɗe baki a bakin aikinsa. Ni na ɗauko Jusoh da safen nan, amma ina da 'ya'ya biyar, na yi gum. Liman ya ce ba takaba sai da shaida. Limah ta zauna ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba, ko sadakar uku ba a yi masa ba. Shekara bakwai ta yi tana zarya kafin kotu ta yarda ya mutu, kuma ko a takardar kotun ba a faɗi inda ya mutu ba.

Bara na same ta ita kaɗai, idonta ya fara dushewa. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Derahman, ranar a wace kujera ya zauna a motarka?"

Ashe ta sani tun farko.

"Ta gaba, Kak. Kusa da ni."

"To," in ji ta. "Yau dai na sami shaida, da ba ta da sauran amfani."