Wa Ke Kwashe Gashin Safiya?

Kwanakin baya ina shanya a bayan gidanmu a nan Kanada, sai ga wata 'yar gwara ta sauko kan ciyawa, ta tsinci silin gashi ta tashi. Kanta ja kamar ta sa hula, girarta fara, ga baƙin layi ya ratsa idonta, ƙirjinta ruwan toka ba ɗigo ko ɗaya. Kukanta ba daɗi, sai ka ce keken ɗinki. Mutanen nan suna kiranta chipping sparrow, tsofaffinsu kuma su ce tsuntsuwar gashi, domin da gashi take shimfiɗe cikin sheƙarta, da can na wutsiyar doki, yanzu duk wanda ta samu. Na yi tsaye da jiƙaƙƙen zane a hannu. Ni dai na san kamannin nan tun ina yarinya, a bakin kakata, wadda ko a mafarki ba ta taka ƙasar nan ba.

A Kuala Lumpur na tashi. Babanmu yana koyarwa a jami'a, muna zaune a wani bene a unguwar Taman Melati. Da Umma ta haifi ƙanena, aka ɗauko Inna, mahaifiyar Baba, daga Kano ta zo zaman jego. Inna ba ta yarda da komai na garin ba. Ba ta yarda da lif ba, ba ta yarda da shinkafar da ake dafawa da ruwan kwakwa ba, ruwan sama ma da ke zuba kullum la'asar harararsa take yi. Bayan magariba sai ta shimfiɗa tabarma a baranda, ta kunna maganin sauro mai hayaƙi, shi ne murhunmu. Nan take yi mini tatsuniya, jirgin ƙasa yana wucewa can sama da hanya yana katse ta.

Ƙofarmu tana kallon ta wata dattijuwa 'yar ƙasar, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi nisa. Mak Cik Salmah nake ce mata, wato gwaggo. Ina dawowa makaranta gidanta nake faɗawa. Ta tura mini faranti tana cewa "Makan, makan," wato ci, ci, ta zauna tana shafa kitsona tana mamakin yadda aka yi shi. Duk benen ba ni da wanda nake so kamarta.

To, Inna ba ta yar da gashi. In ta tsefe ni ta yi mini kitso, sai ta dunƙule abin da ya fita a matajin ta adana, don kada ya faɗa hannun mugu. A gida binnewa take yi ko ta cusa a ramin katanga. A saman bene ina ƙasa? Ta samu wani ɗan rami gefen bututun ruwa, tsakanin ƙofarmu da ta Mak Cik, ta riƙa cusawa nan. Wata rana ta leƙa, wayam. Ta sake sawa, ya sake ɓata. Ta gwada da furfurarta, ita ma aka kwashe.

"Gashi dai ba shi da ƙafa," in ji Inna. "Wace ce ke shafa kan Safiya kullum?"

Umma ta ce, "Haba Inna, baiwar Allah nan ba ta fashin salla."

"Na ga masu carbi har ƙasa. Ke dai ji da jaririnki."

Ranar Mak Cik ta aiko da kwanon alkaki irin nasu. Inna ta sa aka mayar yadda ya zo, ko murfin ba a ɗaga ba, ta kuma hana ni taka ƙofarta. Na yi kuka har na gaji.

Da yamma ta jawo ni kan cinyarta. "Ga ta nan tafe, ƙawata, buɗe kunne." Na ce ta iso, ina shessheƙa. Wai wata yarinya ce mai gashi har gadon baya, ba ta rabo da jan kallabi da kwalli. Maƙwabciyarsu tsohuwa kullum sai ta kira ta, ta ba ta nakiya, ta shafa kanta, ta zare sili guda. Yau sili, gobe sili, tana saƙa wani ɗan kwando. Ranar da kwandon ya cika, uwar yarinya ta ƙwala kira, ba amsa. Sai ga 'yar tsuntsuwa a kan danga, kai ja, kwalli har gefen ido, tana cir-cir-cir, ta kasa cewa na'am. Har yau wai tana bin gidaje tana tsintar gashi, ko ta haɗa nata ta koma mutum. "Nan ta tsaya," in ji Inna. "Mai kwaɗayin nakiya ya ji."

Na tsorata ƙwarai. Na shiga ƙare wa gwarar benenmu kallo, masu tsintar shinkafa a gaban shagon abinci da ake ce wa mamak. Kansu ja ne, amma baƙin ɗigo gare su a kunci, babu mai kwalli. Na sheƙo na ce, "Not the same lah, Inna!"

"Yi mini Hausa."

"Ba su da kwalli."

"Ai ba a gama saƙa kwandon ba tukuna."

Daga nan in na hango Mak Cik sai in sunkuyar da kai in wuce. Ta kira ni, ta sake kira, har ta daina. Ina jin ƙarar ƙarfen ƙofarta sai in ruga ɗaki, ga kewarta kuma tana cin raina.

Asiri ya tonu ne ranar da na'urar sanyaya ɗaki ta lalace. Mai gyara ya zaro wata ƙatuwar sheƙar gwara daga bayanta, ciyawa da tsumma da fuka-fuki, cikinta kuwa shimfiɗe da baƙin gashina da furfurar Inna. Inna ta juya ta a hannu. Can ta ce, "Na ɗauki alhakin baiwar Allah. Ɗauko mini mayafina."

Ta ɗora sheƙar a faranti muka ƙwanƙwasa. Ni ce tafinta, tunda ita ba Malay ba Turanci.

"Faɗa mata na kama ɓarawon."

Na faɗa. Mak Cik ta dubi sheƙar, ta dube mu. Ɓarawon me? A nan na gane ba ta san komai ba. Ashe duk tsawon lokacin nan ta ɗauka ƙyamar abincinta muke yi.

"Faɗa mata na zarge ta da yi miki sammu. Ta yafe mini don Allah."

Na san kalmar a Malay, na kuma san nauyinta a wurinsu. Na dubi fuskar matar da ke ba ni abinci da hannunta, bakina ya ƙi. Na ce mata, "Kakata ta ce tsuntsu ne ya ɓata mata rai, ba ke ba. Ta ce ki yi haƙuri da kwanon."

Mak Cik ta yi dariya har da hawaye, ta kama hannun Inna biyu ta ce, "Boleh, boleh," wato ba komai. Inna ta sauke ajiyar zuciya. "Ta yafe?" Na ce ta yafe.

Da na girma na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin tsoron tsofaffi kawai. Yanzu da nake renon tawa 'yar a cikin mutanen da ban san cikinsu ba, na daina yi wa Inna dariya. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, amma ba kowa ne zai yafa mayafi ya je ƙofar wanda ya zarga ya faɗi laifinsa da bakinsa ba. Ita ta yi. Dukkansu biyu sun rasu yanzu, Allah ya jiƙansu. Ɗaya ta tafi da yaƙinin an yafe mata, ɗaya kuma ba ta taɓa sanin abin da aka roƙe ta ta yafe ba. Ni kaɗai na sani, kuma duk sanda na ɗaga hannu ina yi musu addu'a, sai in roƙi Allah ya isar da saƙon Inna yadda ta faɗe shi.