Ya Ce Aikin Maigida Ne

Wata rana na kai ƙyauren gidana gyara wajen masu walda a Dakata, sai na tarar da wani dattijo yana yanka inji sabo fil da wuta, ko fentinsa bai gama bushewa ba.

Ni kuwa bakina ba ya shiru. Na tambaye shi dalilin wannan ɓarna.

Ya ce kotu ce ta sa shi.

Shekara goma sha tara ya yi yana gyaran injina a wani kamfanin shinkafa. Shinkafarsu duk tsakuwa, masu saye sai tsinuwa. Shi ya zauna a tsakar gidansa da tsohuwar fanka da rariyar matarsa, har ya gano yadda iska za ta ware tsakuwa gefe, shinkafa gefe.

Shekara biyu yana wannan fama, ba wanda ya sa shi.

Da injin da ya haɗa ya yi kyau ya kai wurin aiki, sai kamfani ya tara manyan baƙi da 'yan jarida. Wani ya miƙo masa makirfo, ya tambaye shi wa ya ƙirƙiro.

Mai kamfanin yana tsaye a gefensa.

Kun dai san tarbiyyarmu, ba a cewa "ni ne" a gaban ubangida. Ya sunkuyar da kai ya ce ai aikin maigida ne, su kama masa kawai suka yi.

Duk wanda ke wurin ya san kara ce. Maigidan ma ya sani, har ya dafa kafaɗarsa yana dariya. Daga baya ya je ya yi wa injin rajista da sunansa shi kaɗai.

Bayan shekara huɗu aka rage ma'aikata, har da dattijon. Ya kafa 'yar rumfa yana ƙera injin nasa wa ƙananan masu casar shinkafa, don da shi kaɗai zai ci da iyali.

Sai ga sammaci, wai ya saci fasahar kamfani.

A kotu lauyansu ya kunna bidiyon taron nan.

"Malam, wannan muryarka ce?"

"Tawa ce, ranka ya daɗe. Amma ladabi na yi."

"Ladabi ba ya cikin takardun da ke gaban kotu."

Ba zane, ba shaida, ba ko takarda ɗaya mai sunansa. Aka hana shi ƙerawa, aka umarce shi ya lalata guda shida da ya gama.

Wallahi raina ya ɓaci. Amma ban ji komai ba tukuna.

Ya ce makon jiya injin kamfanin ya tsaya, injiniyoyinsu suka yi ta kame-kame kwana uku, sai suka aiko masa da mota.

Na ce to, Allah ya kama su. Ina fata dai Baba ka kore su.

Ya kalle ni kamar na yi saɓo, ya ce ya je ya gyara musu. Ubangidansa ne ya kira, ta yaya zai ƙi?

Ya mayar da gilashin waldarsa a ido ya ci gaba da yanka.

Darasi: Girmama na gaba halinmu ne, kada mu bari. Amma idan kanka ya haifi abu, ka rubuta, ka sa kwanan wata, ka nemi shaidu, ka yi rajista kafin ka nuna wa kowa. In an tambaye ka wa ya yi, ka ce "ni ne" cikin ladabi. Kotu abin da bakinka ya faɗa take kamawa.

Ka tura wa duk mai basirar da ka san kunya ta yi masa yawa, tun bai kai gaban alƙali ba.