Kasuwar Kyauta

Shekaru sun goge mini abubuwa da yawa, har sunayen wasu ɗalibaina, amma ranar da na yi tafinta a taron takin zamani a Gwaram ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Lokacin sojoji ba su daɗe da miƙa mulki ga farar hula ba. Ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje suka yi ta shigowa da fararen motoci, wannan ta koyar da jefa ƙuri'a, waccan ta koyar da yadda talaka zai tuhumi kansilansa. Ni kuwa ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kudu, kuma a unguwarmu an ɗauka babu wanda ya kai ni jin Turanci. Ni ma haka na ɗauka. Don haka da wata ƙungiya ta nemi tafinta na yini ɗaya, ban tsaya wata-wata ba, na zura babbar riga na shige mota.

Da bazara ne, ranar kasuwa. Manoma sun cika inuwar wata darbejiya. Mai jawabin wata dattijuwar Baturiya ce mai tabarau, ta ɗaura zani a karkace don ta girmama mu. Abin da ta zo faɗa, kamar yadda na gane daga baya, shi ne gwamnati za ta zare hannunta daga rabon taki, 'yan kasuwa su kawo su sayar, kowa ya saya inda ya ga dama. Tana ta nanata wata kalma, firi. A Turanci kalmar fuska biyu gare ta: tana nufin kyauta, tana kuma nufin a sakar wa abu mara. Ni firin da na sani shi ne na makaranta, inda ake ba yara littafi ba ko sisi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Na gyara murya na ce, "Jama'a, ta ce daga bana taki kyauta ne a kasuwa."

Wuri ya ɗauki kabbara da tafi. Baturiyar ta yi murmushi ta rubuta wani abu a littafinta. Ta ce mini ta zaga ƙasashe da dama, ba ta taɓa ganin manoman da suka yi maraba da sauyi kamar waɗannan ba. Na ji daɗi har kaina ya yi girma.

Da aka watse, wani dattijo daga Basirka ya riƙe hannuna. Aminin mahaifina ne, tare suka yi karatun allo, kuma tun da mahaifina ya rasu shi nake kira Baba.

Ya ce, "Ɗana, da kunnenka ka ji?"

Na ce, "Da kunnena, Baba."

"To, shi ke nan. Da wani ne ya faɗa, da na ce zancen 'yan siyasa ne."

A hanyar komawa, Baturiyar tana gyangyaɗi a baya, direban ƙungiyar ya dube ni ya ce, "Malam, wannan firin fa ba na kyauta ba ne. Garuruwa nawa na kai ta, kullum shi take faɗa. Cewa take kowa ya saya ya sayar, ba ruwan gwamnati."

Nan take na gane kuskurena. Amma ko ɗigon ruwa bai sauka ba a lokacin, babu wanda ya yi shuka. Hawa babur sau ɗaya zuwa Basirka ya isa ya gyara komai. Ban je ba. Ta yaya malamin Turanci zai ce direba ya gyara masa Turanci? Na gaya wa kaina ai manoma sun saba jin alkawari, ya shiga ta nan ya fita ta can. Kuma haka aka yi ga yawancinsu, sai mutum ɗaya da ya yarda saboda daga bakina ta fito.

Baba manomin gero da dawa ne, waɗanda ko da takin gida suna ba da abin da suka saba bayarwa. Wannan shekarar sai ya shuka masara a babbar gonarsa gaba ɗaya, ita kuwa masara ba ta san haƙuri ba in babu taki. Ragon da ya saba sayarwa ya sayi buhun taki guda ma ya ba ɗansa aka yi sunan jika da shi.

Damina ta yi nisa sai ga shi a makarantarmu a bayan babur, riƙe da ganyen masara da ya yi rawaya.

Ya ce, "Ɗana, wai a wace kasuwar ake rabon ne? Sau uku ina zuwa ta Gwaram, masu shago dariya suke yi mini."

Na shimfiɗa masa tabarma a bayan aji na gaya masa gaskiya. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Yaushe ka gane?"

"Tun ranar, Baba. A mota."

Ya juya ganyen a hannunsa. Sannan ya ce, "Baturiya ba ta yi mini ƙarya ba, don ban ji yarenta ba. Kai na ji. Tuntuɓen harshe kuwa kowa yana yi, ko liman. Shirun da ka yi shi ne naka."

Na sayi buhun taki guda na kai masa, amma masarar ta riga ta wuce lokacinta. A shekarar nan mutumin da bai taɓa awo ba aka gan shi da buhu a gaban masu hatsi. Ƙungiyar ta ƙare wa'adinta ta koma, ina kyautata zaton rahotonta ya ce taron Gwaram ya yi nasara. Ban ga laifinta ba, abin da ta gani ta rubuta.

Da kaka Baba ya aiko mini da goyon masara biyar, kowanne bai fi tsawon yatsa ba, da saƙon cewa ga rabona na kyauta. Har ya bar duniya bai sake tayar da maganar ba, sai dai in na kawo masa labari yakan ce, "Da kunnenka ka ji?" ya yi dariya. Ni ban taɓa iya yin dariyar ba.

Abin da na koya shi ne, mai ɗauko magana daga wani baki zuwa wani amana ce a hannunsa, kuma kuskure yana da lokacin shukarsa. In ka gyara shi kafin ruwa ya sauka, kunyar yini ɗaya ce a kanka. In ka yi shiru, rumbun wani ne zai biya.