Bulus Saura-Ɗaya, Mai Hoton Bukukuwan Nesa

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban kyamarar marigayi Bulus ya san ma'anar "saura ɗaya". Zai jera ku a rana, ya gyara wa wannan hula, ya ce wa waccan ta sauke kafaɗa, ya yi ta ɗauka. Sai kun fara watsewa ya ɗaga yatsa: "Saura ɗaya." To wannan ɗayar tana iya haihuwar talatin. A unguwar Dawaki in ka ce Bulus mai hoto sai a tambaye ka wanne, amma in ka ce Saura-Ɗaya, ko mai shayi zai nuna maka shagonsa.

Ni ne Sabo, mai kayan sauti na unguwar Manawashi. Iyayena Katsinawa ne, shi kuma mutumin Kaltungo ne, amma fiye da shekara ashirin mota ɗaya ke kai mu biki, ni kiɗa, shi hoto. Rigimarmu ba ta sauyawa. Da na ɗaga sauti sai in gan shi yana ratso 'yan rawa.

"Sabo, rage abin nan. Hotona na rawa."

"Hannunka ne ke rawa, tsufa ne."

"Hannuna? Hannun da ya ɗauki auren uwar amaryar nan?"

Da can a ƙofar gida ake biki, ko a harabar coci. Sai yayi ya zo, 'ya'yan masu hali suka ce su sai bakin ruwa, sai cikin daji, sai ƙasar da ba wanda ya san su. Bulus ya yi ta mita, wai a bar gari da inuwa a tafi neman rana. Amma ranar tafiya shi ke fara shiga mota, ya kama kujerar gaba.

Na farko da muka je a bakin dam ɗin Dadin Kowa ne. Abokin ango ya zo daga Abuja da ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama. Jama'a suka bar Bulus suna ɗaga kai. Ya dubi abin, ya ce, "Wasan yara." Kafin in ankara ya cire takalmi, ya rataya kyamara, ya haye bishiyar mangwaro, mutum mai shekara sittin da ɗoriya. Ya ɗauki hotonsa daga sama, kuma gaskiya ya yi kyau. Aka yanka kek, aka ci abinci, Bulus na sama.

"Bulus, ka kasa sauka ne?"

"Wa ya ce? Hasken nan ya fi na ƙasa."

Sai da na matso da motar kayan sauti ƙarƙashin bishiyar ya diro kan rufinta. Bai gode mini ba. Cewa ya yi na ɓata masa inuwa.

Wani biki kuma a gandun dajin nan na Bauchi aka yi. Bulus ba ya son mutum ya daskare gaban kyamara, yana kiran haka "fuskar fasfo", kuma dangin angon nan duk masu fuskar fasfo ne. Ana cikin jawabi sai ga gwaggon biri ya fito daga bayan rumfa, ya nufi teburin kek kamar an aika masa kati. Bulus ne mafi kusa. Mata suna cewa, "Baba Bulus, kore shi!" Shi kuwa ya durƙusa a gwiwa ɗaya, ya saita, ya yi ta ɗauka har birin ya cire hawan sama na kek ɗin ya tafi da shi.

Uwar amarya ta zo tana huci. "Kana kallo ya ɗauka?"

"Hajiya, hoto aka ɗauko ni in yi, ba gadi ba. Kuma tun safe shi kaɗai ne baƙon da bai yi mini fuskar fasfo ba."

Hoton nan har yau yana rataye a falonsu a GRA, ya fi na ɗaurin auren girma.

Amma wanda ba na mantawa shi ne na Zanzibar. Uban amarya ya ce ba mai ɗaukar hoton 'yarsa Rahila sai wanda ya ɗauki nasa auren. Bulus kuma, wanda kullum ke zagin kiɗana, ya ce ba ya aiki da kiɗan da bai sani ba. Haka na samu shiga jirgi.

An taho da kakar amarya, tsohuwa daga Kaltungo wadda ita ta raini Rahila. Ta yarda ta hau jirgi ne don abu ɗaya: ta yi wa jikarta rawar gida, da waƙar da matan garinsu ke yi wa amarya. Ni na je har Kaltungo na naɗo waƙar a filashi. Ranar biki, da la'asar, a bakin teku, na laluba aljihu. Filashin yana Manawashi, cikin rigar da na sauya.

Makaɗan otal suna ta wani kiɗa mai sanyi. Kaka na zaune ta haɗe hannu a cinya, ta ce ita wannan ba ta san inda ake sa masa ƙafa ba. Rahila ta dube ni, idonta ya cika. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Sai na ga Bulus ya ajiye kyamara a kan tebur, abin da ban taɓa gani ba. Ya ɗauki bokitin ƙanƙara, ya juye shi a yashi, ya kife tsakanin cinyoyinsa, ya fara bugawa yana rera waƙar da yarensu na Tangale. Ku da kuka san muryarsa, kun san an taɓa roƙonsa ya bar ƙungiyar mawaƙan coci. Kaka ta saurara, ta yamutsa fuska, ta saurara, har abin ya fi ƙarfinta. Ta miƙe.

"Ɗan nan, ba haka ake yi ba. Za ka kashe mana waƙa."

Ta karɓe waƙar daga bakinsa. Ƙafa ta bi murya, matan dangi suka amsa, Rahila ta cire takalmi ta shiga tana kuka tana dariya. Makaɗan otal ma suka lalubo kiɗan suka bi bayan bokiti.

Da aka gama na ce, "Ka ceci mutuncina."

"Da gangan na ɓata muryar, don ta tashi." Sai ya dubi kyamarar a kan tebur, fuskarsa ta sauya. "Sabo, kai me ya hana ka ɗauki hoton rawar?"

"Ka taɓa bari na taɓa kyamararka?"

Ya rataya kyamarar a wuya. Can ya ce, "Gara da ba ka taɓa ba."

Daminar da ta wuce ya kwanta ciwo, kwana kaɗan, ya tafi. Ranar da aka kai shi Kaltungo, ma'aurata suka yi ta zuwa, na coci da na masallaci, wasu da jikoki, da yawansu riƙe da kundin hotunan aurensu. Aka zauna ƙarƙashin rumfa ana buɗewa, kowa na nuna inda Bulus ya tsayar da shi a rana. Ban taɓa ganin makokin da aka yi dariya haka ba.

Allah Ya ji ƙan abokina, Ya ba shi hutu mai daɗi. Ya ba matarsa da 'ya'yansa haƙuri, Ya kuma sa albarka a duk gidan da ya tsaya ya ɗauki hoton ranar kafa shi.